Babban sikirin ko batir mai riƙe caji? Amsar tambayar Hajiya mai atamfa

Hajiya barka da yamma, tun safe na ga tambayarki sai yanzu Allah ya ba ni ikon zama. Kin ce kina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, wayarki ta fara mutuwa kafin la'asar, unguwarku kuma wuta sai an ga dama ake kawowa. Kina son babban sikirin saboda hotunan kaya, amma an ce miki babban sikirin shan caji gare shi kamar me, a shago kuma an ajiye miki wayoyin Samsung biyu, Galaxy A05 da Galaxy A15, kin rasa wadda za ki ɗauka.

Maganar da aka gaya miki akwai gaskiya a ciki, amma ba duka aka faɗa miki ba. E, sikirin shi ne ya fi komai cin caji a yawancin wayoyi, in ya fi faɗi kuma dole ya fi buƙatar wuta wajen haskawa. Abin da masu faɗar haka suke mantawa shi ne waya mai babban sikirin ai jikinta ma babba ne, cikinta da fili, kamfani sai ya cusa mata batir babba. Shi ya sa in kika duba wayoyi 'yan gida ɗaya, kusan kullum babbar ce take fin ƙaramar daɗewa. Ga iPhone 13 da suka fito a 2021, ƙaramar cikinsu mini inci 5.4 ce, Apple da kansu suka ce tana yin awa 17 ana kallon bidiyo, ta tsakiya mai inci 6.1 awa 19, babbar yayarsu Pro Max mai inci 6.7 kuwa awa 28. Kin ga mai babbar fuskar ita ce ta yi musu fintinkau. Samsung ma haka, S24 mai inci 6.2 batirinta 4000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka kenan), S24+ mai 6.7 tana da 4900, Ultra mai 6.8 tana da 5000. Ita iPhone mini ɗin ma daga 13 Apple ba su sake yin irinta ba.

Sannan shi wannan incin da ake faɗa, ba faɗin wayar ba ne, daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa a karkace, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wayoyin yanzu dogaye ne sirara, ba irin na da masu faɗi da katon baki sama da ƙasa ba, shi ya sa 6.5 ta yau take shiga hannu alhali a 2011 da Galaxy Note ta farko ta fito da inci 5.3 mutane dariya suke yi wai allo aka kara a kunne. Tsakanin 6.5 da 6.7 kuwa, in aka buga lissafin filin fuskar, bambancin wajen kashi 6 cikin ɗari ne, a faɗi kuma wajen milimita 2 ne kacal. Wallahi in an ɗora miki su a hannu ba a faɗa miki ba, da ƙyar ki gane wacce ce babba. Inda ake jin bambanci na gaske shi ne daga 6.1 zuwa 6.7, nan kam kusan kashi 20 ne.

To mu zo kan biyun da aka nuna miki, duka a ƙarshen 2023 suka fito. A05 inci 6.7, A15 inci 6.5. Batir duka 5000 mAh, ƙarfin caji, wato saurin shan wuta, duka wat 25. A nauyi ma ƙaramar ce ta ɗan ɗara, giram 200, babbar 195. In a takarda ne sai mutum ya ce to ai A05 ta yi, sikirin ya fi girma, batir ɗaya, kuɗi kuma ya fi sauƙi. Amma girman ba shi ne inda suka rabu ba.

Sikirin A05 irin wanda ake kira LCD ne, akwai fitila a bayansa da take kunne muddin fuskar tana kunne, ko baƙi ake nunawa ko fari ita tana ci. Na A15 AMOLED ne, kowane ɗigo cikin ƙananan ɗigogin da suke haɗa hoton shi yake ba da haskensa, inda hoton yake baƙi ɗigon a kashe yake ba ya shan komai. Don haka a A15 in kika mayar da WhatsApp da sauran wayar baƙin bango, wato dak mod, da gaske za ki ga caji ya ƙara jimawa, a A05 kuwa dak mod sai dai ya hutar miki da ido da daddare, batir babu ruwansa. Amma kar in yi miki daɗin baki, AMOLED in aka bar shi a farin bango aka ƙure haske shi ma gwani ne wajen zuƙar caji, kuma hotunan atamfa ai ba baƙaƙe ba ne.

Sai yawan ɗigon. A05 tana da 720 sau 1600, A15 tana da 1080 sau 2340, wato ninki biyu da ɗoriya, kuma a fuskar da ta fi ƙanƙanta. Ke da sana'arki a kan ido take, nan ne ya kamata ki tsaya. In dila ya turo miki hoton leshi kina son ki ga saƙar da duwatsun, ko ki gane zanen atamfa ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi, yawan ɗigo ne zai nuna miki, ba inci ba. Babban sikirin mai ƙarancin ɗigo kamar a shimfiɗa ƙaramin hoto ne a faranti babba, ya yi girma amma bai ƙara fitowa ba. Abu ɗaya dai ki kiyaye, AMOLED yana ƙara wa kala armashi, ja ya yi jawur, kore ya yi shar, kwastoma kuma a tata wayar za ta gani daban, kaya ya iso ta ce ba kalar da ta gani ba kenan. Ki riƙa ɗaukar hoto a hasken rana a inuwa, kuma a saitin fuskar akwai inda ake rage ƙarfin kalar.

Na uku shi ne wanda masu shago ba su cika kawowa ba, injin wayar, furosesa. A05 Helio G85 ne a cikinta, A15 ta 4G kuma Helio G99. G85 an ƙera shi a ma'aunin nanomita 12, G99 a nanomita 6, a taƙaice sabon ya fi tsimin wuta, aiki ɗaya za su yi amma shi ya ci kaɗan kuma bai cika ɗaukar zafi ba. Yawan ɗigo yana ƙara cin caji, wannan tsimin ne yake cike gurbin abin da ya ci. Kamar mota biyu ne masu tanki iri ɗaya, ba girman tankin kaɗai ake tambaya ba, har da shan man injin. Lambar mAh tanki ce kawai. Shi ya sa za ki ga iPhone mai batir bai kai 4500 ba tana gogayya da wata mai 5000, wani lokacin ma ta kayar da ita.

A15 tana da wani abu kuma, fuskarta tana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, 90Hz kenan, A05 kuma sau 60. Yana sa jan allo ya yi santsi, daɗi a ido, amma caji yake ci. Ana iya mayar da shi 60 a saitin, kuma ranar da babu wuta ni haka nake yi, kwana biyu ido ya saba.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na fi yarda da shi, ko da wasu za su ce na kauce. A ƙasar nan abin da yake kashe caji ba inci ba ne, abu uku ne, rana da netwok da zafi. In kina waje da tsakar rana wayar da kanta za ta ƙure haske don ki iya gani, awa ɗaya a haka ya fi awa biyu a ɗaki ci. In kina inda sabis sanda ɗaya ne ko yana hawa yana sauka, wayar ƙara ƙarfi take yi tana neman turken sadarwa, ko a jaka take caji yana zuba, ga layi biyu kowanne yana nasa neman, ga ɗora bidiyon kaya a sitatus da data mai rarrafe, wanda ya kamata ya hau a minti ɗaya ya ɗauki goma fuska a kunne kina jira. Duk wannan ko inci 5 ce wayar sai ta sha.

Zafi kuwa shi ba cajin yau kaɗai yake ci ba, ran batirin yake ci. Apple sun rubuta cewa wayarsu an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, batirin sauran wayoyin ma dangin lithium ɗin ne dai, mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri digiri 40 ba labari ba ne. Ni na taɓa barin wata wayata a gaban mota tana caji rana tana dukanta ta gilashi, na yi haka ya fi a ƙirga, ba a rufa shekara ba batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, laifina ne ba na kowa ba. Kar ki yi caji a ƙarƙashin filo, kar ki riƙa kiran bidiyo tana jone, in ta yi zafi ki cire mata riga ta sha iska. Shagon caji ma in za ki kai, ki duba kar a jibge ta cikin tulin wayoyi kusa da janareta.

Ga wata riba ta babban batir da ba a lissafawa. Batir yana tsufa ne da yawan zagayen caji, a iPhone 14 zuwa ƙasa Apple sun ce bayan cikakken zagaye 500 zai rage wajen kashi 80 na ƙarfinsa. Mai ƙarar da cikakken caji sau biyu a rana zai cinye 500 ɗin nan cikin wata tara, mai ƙararwa sau ɗaya kuma sai ya haura shekara. Wayar da kike riƙe da ita yanzu mai mutuwa kafin la'asar, ina kyautata zaton ba sikirin ne ya yi mata yawa ba, batirin ne ya tsufa.

In kuma kin ce ke 5000 ma bai ishe ki ba, akwai masu fin haka. Tecno suna da jerin Pova, Pova 5 tana da 6000 mAh da fuska kusan inci 6.8 da caji wat 45, tun 2021 ma sun yi Pova 2 mai 7000, Samsung sun yi M51 mai 7000 a 2020. Sai dai ki san nauyi za ki ɗauka, kuma babban batir in cajarsa mai sanyin jiki ce wahala ne. Nan ne ma nake ganin mutane suna yin kuskure, a duba mAh a manta wat. Mu da ake kawo wuta awa ɗaya a ɗauke, tambayar ita ce nawa wayar za ta sha kafin a ɗauke. Batir 5000 da cajar wat 10 sai ya haura awa biyu da rabi bai cika ba, da wat 25 kuwa cikin rabin awa kin samu abin da zai kai ki yamma. Ki tambayi mai shago ko akwai kan caja a kwalin, don Samsung sun saba sako igiya kaɗai, in babu ki sayi mai kyau wadda ta kai wat 25 ɗin da gaske, ba irin ta bakin titi da aka rubuta lamba a jiki kawai ba.

Da ni ne ke, in kuɗin ya kai A15 zan ɗauka ban ko waiwaya ba, milimita biyun da na rasa a faɗi bai kai abin da na samu a fitar hoto da tsimin inji ba. In kuɗin bai kai ba A05 ba ta da laifi, za ta yi miki yini, sai ki sa canjin a fawa bank. Shi ma ki sani wanda aka rubuta 10000 ba zai cika waya mai 5000 sau biyu ba, wajen kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a juyin wuta da zafi, sau ɗaya da 'yan kai za ki samu, in kina son na kwana biyu 20000 za ki nema.

Kafin ki biya dai ki riƙe kowacce da hannu ɗaya, ki gwada rubuta saƙo da babban yatsa kamar ɗayan hannun yana riƙe da turmin atamfa, ki tura hoton wani leshi da kika san kalarsa sosai cikin duka biyun, ki roƙi mai shagon ya bari ki fito da su bakin ƙofa ki kalla a rana. In a Kano kike Farm Centre shaguna ne birjik, wanda ya ƙi bari ki gwada ki wuce na gaba.