Kiret ɗin roba na tumatir: yana da kyau, amma dawo da shi ne aikin

Masu tambayata a kan kiret ɗin robar nan da ake zuba tumatir sun yi yawa, wai in faɗa musu ko su bar kwando su koma kansa. Toh ga abin da na gani, ni dai ɗan kayan gwari ne, ina saye a kasuwar Kwanar Gafan da gonakin wajen Kadawa da Kura a jihar Kano ina turawa kasuwar Mile 12 a Legas, kuma na yi aiki da kiret na kaina na kuma yi da na haya.

Shi kansa kiret ɗin ba ni da abin cewa a kansa. Yana cin kusan kilo 25, yana da ƙofofin iska ta kowane gefe, in ka ɗora wani kan wani nauyin a kan bakin robar yake sauka, ba a kan tumatirin ba. Wannan shi ne duk sirrin. Kwando kuwa kowa ya sani, ana cika shi har ya yi tozo, a rufe da takarda a ɗaure, a jera a mota a gitta itace a sake jera wani layin a sama, sannan mota ta kama hanyar da ta kai wajen kilomita dubu, ga rami ga shingen jami'ai ga masu karɓar haraji, kwana biyu in an yi sa'a, in mota ta lalace ko aka samu cunkoso sai yadda Allah ya yi. Kafin a isa na ƙasan kwandon ya zama ruwa, tsinken kwandon ma ya soke na gefe. A Mile 12 wannan fasasshen suna ne da shi, Yarbawa na ce masa esha, kuma araha ake sayar da shi. Da kiret in ka buɗe kaya za ka ga banbancin da idonka wallahi, ba sai wani ya yi maka lissafi ba, tumatirin ya iso a bushe da ƙarfinsa.

Lodi ma ya fi sauri, 'yan dako sun fi son sa don mutum ɗaya zai ɗauka ba sai an kama masa ba, kuma ƙirga kaya ba gardama tunda girmansu ɗaya. Kwando kam wani babba wani ƙarami, wani an yi masa ciko da ganye a ƙasa, kullum sai an yi musu.

Amma fa inda mutane ke faɗawa shi ne, suna ɗauka sayen kiret kamar sayen kwando ne. Ba haka bane. Kwando tafiya ɗaya yake yi, ka sayar da shi da tumatirin cikinsa mai saye ya tafi da abinsa, kai ka karɓi kuɗi shikenan. Kiret dole ya dawo, don kuɗinsa ya ninka na kwando sosai, sai ya yi zuwa da dawowa da yawa kafin ya biya kansa. Kuma dawowar ba ita kaɗai take faruwa ba. Sai an juye tumatirin a Legas, sai wani ya tsaya ya tattara ya ƙirga, sai an samu motar da za ta yo arewa da wuri a cikinta, shi kuma direba ba zai ɗauko maka fanko kyauta ba alhali yana iya ɗauko kayan da za a biya shi. Akwai irin da ke shiga cikin juna in babu komai a ciki, in za ka saya ka dage sai irin wannan, don wanda baya shiga wurin da ya ci cike shi zai ci fanko, kaga kana biyan kuɗin mota a kan iska kenan.

Sannan ga lissafin da ba wanda ya gaya min a wajen masu sayarwa. In motarka na cin kiret kaza, ba adadin nan kaɗai kake buƙata ba. Kashi ɗaya na gona ana cikawa, kashi ɗaya na kan hanya, kashi ɗaya na Legas ko yana hanyar dawowa. Wato wajen ninki uku in kana son lodi ya riƙa tafiya ba tsayawa. Wanda ya sayi na mota ɗaya kawai zai yi lodi yau sannan ya zauna sati ko fiye yana jiran kayansa su dawo, shi kuma tumatir a gona baya jiran kowa, musamman daga Janairu zuwa Maris da noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ya sa ko'ina ya nuna lokaci ɗaya farashi ya faɗi ƙasa. A wannan lokacin kwana biyu na jinkiri ya isa ya mayar da kayanka na shanya, ka koma yanka kana yin kauɗa.

Shi ya sa na gwada na haya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma tsarinsu shi ne ka biya kuɗin kowane kiret na tafiya ɗaya, su kawo maka inda kake lodi, su kuma karɓi abinsu a can ƙarshe, dawowa da wanki duk nasu ne. A takarda wannan ya warware komai, kuma gaskiya lokacin da kasuwa ba ta cika ba sun yi ƙoƙari, kiret a wanke, adadi daidai, yaronsu na Legas yana ɗaga waya. Matsalar ta fito ne da kaka ta kankama, kowa na so lokaci ɗaya, sai ka yi buking a ce maka gobe, gobe ta yi a ce motar da ta ɗauko fanko tana Ilorin. Ni kuma na riga na sa an cire tumatir tun da asuba yana jibge a inuwa. Ranar dole na nemi kwando na cike rabin motar. Su ma ba mugunta bace, kiret ɗinsu ne ya maƙale a kudu kamar yadda nawa ke maƙalewa, sai dai da sun faɗa min gaskiya tun dare da ban sa an cira ba. Abin da ya fi ɓata min rai kenan, rashin labari a kan lokaci.

Wani abu kuma, ɓata da fashewa. Kiret yana da farin jini, mai shago na so, mai sayar da lemo na so, matan gida ma na so su zuba kwanuka. In ba ka sa fenti ko alama a jikin naka ba kuma ba ka da amintaccen mutum a wajen sauke kaya, a hankali za ka ga yana raguwa baka san inda ya bi ba. Masu haya kuma duk wanda ya ɓata kai za ka biya, don haka ka ƙirga a gabansu a rubuta, wajen karɓa da wajen mayarwa.

Sai maganar masu saye. Yawancin matan da ke sara a Mile 12 da kwando suka saba, idonsu ya san kwando, farashin ma da kwando ake yanka shi, wasu sai su ce juye musu za a yi a kwando kafin su taya. In aka juye ɗin an ƙara taɓa tumatirin kenan, wani amfanin ya ragu. Inda kiret ya fi ba ni riba shi ne wajen masu otal da manyan kantuna da ke saye a kan kilo, su tsafta da girma ɗaya suke nema kuma suna biya. Amma su ɗin sai ka tantance kaya tun a gona, manya daban ƙanana daban, mai tabo a ware, kuma a cire shi yana ɗan ja-ja bai nuna lugub ba. Kiret baya gyara tumatirin da aka zuba masa a lalace.

To wa zan ce ya saya? In kana da tsayayyen mai karɓa a can, kuna da motar da ke zuwa tana dawowa a kai a kai, ko ku haɗu ku biyar ku shida ku yi kuɗi ɗaya ku ɗauki yaro guda aikinsa kawai bin kiret, saya kai tsaye. In kuma kai mai lodi ne jefi-jefi, ko kusa kake kaiwa kamar kasuwar 'Yankaba a Kano ko Kaduna da Abuja, haya ta fi maka, amma ka yi buking da wuri kuma kada ka sa a cire ko ƙwaya ɗaya sai ka ga kiret ɗin a ƙasa da idonka. Ni dai a bana haya zan ci gaba da yi a layin Legas, nawa na kaina kuma na bar su a layin Abuja inda motar ke dawowa washegari.