Shagon alminiyam da ya yanka wa ɗalibaina ƙwarangwal ɗin jirgi

Ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Maradi. Bana ɗalibai shida, mata biyu da maza huɗu, suka matsa mini sai mun haɗa ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu, irin wanda hannuwansa ke naɗewa a jefa shi jakar makaranta. Sun ga DJI Mavic a waya, wanda ya fito a 2016, shi ke nan ban sake samun barci ba. Injuna, batir da allon da ke sarrafa jirgin wani ɗan'uwa ya kawo mana daga Kano. Ƙwarangwal ɗin kuwa na ce ba za mu saya ba, su za su zana, a yanka a garin nan.

Masu irin wannan aiki kan yi amfani da faifan kabon, wani abu marar nauyi mai ƙarfi, amma ina za mu same shi? Ga tsada, ga ƙurarsa na cutar da huhu. Sai muka zauna da lissafi. Alminiyam giram 2.7 ne a kowane santimita kubik, ƙarfe kuwa kusan 7.8. Bututun alminiyam mai kusurwa huɗu da za a yi hannun jirgin da shi, faɗin milimita 10, kaurin bango milimita 1, in aka yanki santimita 10 bai kai giram 10 ba. Na ƙarfe sai ya doshi 28. Wannan lissafi ya kai mu shagon wani mai tagogi da ƙofofin gilas kusa da babbar kasuwa.

Shago ne ƙarami, rabin aikin a bakin hanya ake yi, yara uku na koyo. Na ji tsoron zai kore mu, don aikinmu bai kai kuɗin taga ɗaya ba. Maigidan ya ajiye abin da yake yi, ya goge hannu, ya karɓi takardar. Tambayarsa ta farko: "Mushe (wato malam), wa ya zana?" Na nuna ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda ta yi zanen. Daga nan ita yake tambaya, ba ni ba.

A zanen yaran, kowane hannu noti ɗaya ke riƙe da shi tsakanin faifai biyu, sama da ƙasa. A kansa yake juyawa, shi kuma ake ɗaurewa in za a tashi. Maigida ya haɗa guda ɗaya da ragowar yanke-yanke, ya ɗaure tamau, ya miƙa wa wani yaro ya ce girgiza. Hannun ya ɗan motsa. Ya ce, "Ɗiyata, ƙyauren da ke wasa a gaɓa ba ya shekara. Wannan kuma inji za ki ɗora masa." Ya ce a ƙara rami na biyu kamar yatsa ɗaya gaba da na farko, a riƙa zura ɗan sandan ƙarfe ya kulle hannun in an buɗe shi, a kuma sa washa ta roba a gaɓar.

Bai taɓa riƙe irin wannan jirgi ba, amma ya taɓo ainihin ciwon. Farfela biyu da ke kallon juna ta kusurwa suna juyawa dama, sauran biyun hagu, don kada jirgin ya riƙa walagigi a wuri ɗaya. Allon sarrafawa yana da ɗan ma'aunin juyi da ke jin kowane karkace, yana ƙara wa wannan inji gudu yana rage wa wancan, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. In hannu na rawa a gaɓa, ma'aunin zai ɗauki rawar a matsayin motsin jirgi, ya yi ta gyaran abin da bai ɓaci ba, injuna su yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Na faɗi wannan a aji sau biyu. Sai da suka ji hannun ya motsa a tafinsu suka gane.

Akwai inda ya ɓata mini rai. Ramukan allon sarrafawa huɗu ne, tsakaninsu milimita 30.5, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro a takardar. Yaron shago ya huda a 31, da ido da mitar awon taga. Allon ya ƙi zama. Maigida ya fara cewa rabin milimita ai ba komai ba ne, a ɗan buɗa ramin. Na ƙi, don allon da aka tilasta masa zama yana iya tsagewa. Ya yi shiru, ya sake yanko faifai, ya manna takardar zanen a kai, ya buga alama da ƙusa kafin ya huda da kansa. Bai ƙara ko dala ba. Sai kuma alkawari: ya ce Laraba, muka samu Asabar. An ɗauke wuta, gaskiya ne, amma na ga aikin tagogin wani alhaji ya shige gabanmu.

Jika huɗu muka biya gaba ɗaya, har da goge bakin yankan da magagari don kada ya yanki waya ko yatsa. Daga inji zuwa injin da ke kallonsa milimita 250, in an naɗe kuma yana shiga jaka tare da littattafai.

Da halin tsaron da ake ciki ba mu tashe shi a gari ba. A cikin aji muka gwada, da izinin shugaban makaranta, an ɗaure shi da igiya a ƙafar tebur, yara na bayan benci. Ya ɗaga kamar kamu biyu ya tsaya cak, babu karkarwa.

Malamin da zai kai masa irin wannan aiki ya je da zane a girmansa na ainihi, ya tsaya a wurin lokacin huda, ya kuma ƙara kwana uku a kan ranar da aka faɗa masa. Mu dai za mu koma bayan hutu, ɗaya daga cikin yaran ya zano ƙafafun sauka masu naɗewa, kuma Maigida ya ce a kawo ya gani.