Dragon Age: Origins da daren Redcliffe

Kamfanin BioWare ne ya ƙera wasan bidiyon Dragon Age: Origins, Electronic Arts kuma ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2009, a kwamfuta da PlayStation 3 da Xbox 360. Wanda ya kunna shi yau zai ga tsufa ƙarara: launuka sun koɗe, fuskoki a sandare, tafiyar jarumai da nauyi. Duk da haka har gobe ina tura mutane gare shi, saboda a cikinsa ba a samun jarumta a ɓagas. Duk wanda ya yi abin a yaba masa, sai ka ga abin da ya rasa kafin ya yi shi. Wanda bai buga ba ya sani, zan taɓo ƙarshen labarin.

Ana fara wasan ta ɗaya daga cikin asali 6, ko ɗan sarauta, ko matsafi, ko wada, ko elf. Ni da ɗan gidan Cousland na fara, a Highever. Cikin dare Arl Howe, aminin mahaifinka, ya ci amana ya afka wa gidan. Ser Gilmore ya tsaya ya tokare ƙofa don ku samu ku tsere. Mahaifiyarka Eleanor ta ƙi barin mijinta da ke kwance cikin jini, ta ce ka tafi, ita za ta tsare hanya. Ba a yi nisa da farawa ba, amma zuciya ta riga ta karaya.

Daga nan Duncan, shugaban Grey Wardens a ƙasar Ferelden, ya kai ka sansanin Ostagar don ka shiga rundunarsu ta masu yaƙar halittun nan da ake kira darkspawn. An tura ka kai da Alistair, wani matashin Warden, ku kunna wuta a saman hasumiyar Ishal, alamar da za ta sa Loghain, sarkin yaƙin Sarki Cailan, ya kawo ɗauki. Kun sha wuya, kun kashe ƙaton dodon da ke sama, kun kunna wutar. Loghain ya ɗaga kai ya gani, ya ba dakarunsa umarnin janyewa. Sarki Cailan ya mutu a hannun wani dodon, Duncan ya haye ƙirjin dodon da takobi ya kashe shi, sannan ya hango wutarku tana ci, ba mai zuwa. Kun yi komai daidai, aka kuma yi asara.

Amma inda wasan ya gama da ni shi ne Redcliffe. Ƙauye ne a bakin tafki, a gindin fada, kuma kowane dare gawarwaki masu tafiya suna gangarowa daga fadar suna kashe mutane. Bann Teagan, ƙanin mai fadar, ya tara mata da yara a ɗakin ibada. Mai gari Murdock yana da 'yan sa-kai, manoma da masunta, ba sulken kirki. Wasan bai tilasta maka ka tsaya ba. Kana iya juya baya ka kama gabanka, in ka dawo ka tarar an share ƙauyen. Shi ya sa tsayawar take da daraja, don kai ka zaɓe ta.

In ka tsaya, wuni guda za ka yi kana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Maƙeri Owen ya kulle kansa a maƙera yana shan giya, saboda 'yarsa Valena tana cikin fadar kuma ba wanda ya je nemanta. Ba zai ɗaga guduma ya gyara sulke ba sai ka yi masa alkawari. Akwai Dwyn, wada mayaƙi da ya rufe ƙofarsa ya ce ba ruwansa. Akwai gangunan mai a wani kanti da aka watsar, waɗanda Ser Perth, wani barden fadar, zai cinna wa wuta a kan hanya in ka gaya masa. Da dare ya yi, sai ka ga hazo ya taso daga fada, ana gwabzawa a gaban injin niƙa, can kuma a kira ka ƙasa saboda sun ɓullo ta tafki. A faɗan nan hankalina bai kan nawa jarumin ba, yana kan Murdock. Na riƙa dakatar da wasan ina tura masa mai warkarwa, domin na yi hira da mutumin da rana, na ji tsoro a muryarsa, ga shi kuma ya fito. Da na shiga fada daga baya na sami Valena a ɓoye a wani ɗaki, na ji sanyi a raina fiye da ranar da na kashe kowane dodo.

Tsakiyar wasan tana da ja. Sashen Fade, wato duniyar mafarki, a hasumiyar matsafa ya yi tsawo, kai kaɗai kana ta sauya siffa kana zagaye. Deep Roads, hanyoyin wadanni na ƙarƙashin ƙasa, ma haka, rami bayan rami, ko da yake haɗuwa da Legion of the Dead, wadannin da aka yi wa jana'iza tun suna raye don su yi yaƙi ba fargaba, ta rage gajiyar. Tsarin faɗa kuwa yana da daɗi ga mai haƙuri: kana tsara wa kowane abokin tafiya abin da zai yi in kaza ta faru, kuma a kwamfuta kana iya kallon filin daga sama.

Kafin yaƙin ƙarshe a Denerim, babban birnin Ferelden, wani tsohon Warden mai suna Riordan ya faɗi gaskiyar da aka ɓoye: Warden ɗin da ya kashe Archdemon, dodo mai fiffike da ke jagorantar darkspawn, zai mutu tare da shi. Ya ce shi ne babba, shi zai yi. Ya diro daga saman wani dogon gini ya faɗa bayan dodon yana shawagi, ya yaga masa fiffike, ya suɓuce ya faɗo ya mutu. Bai kashe shi ba, amma ya tilasta masa sauka a kan Fort Drakon, inda takobi zai kai gare shi. Sai abin ya rage tsakaninka da Alistair, ko Loghain in ka yafe masa a Landsmeet, taron manyan ƙasa. Wannan zaɓin yana da ciwo, don mutumin da ya gudu a Ostagar shi ne dai gwarzon da ya 'yantar da Ferelden daga mulkin Orlais, kuma yana iya roƙonka ka bar shi ya biya bashin da ransa. Morrigan, matsafiyar da ke cikin abokan tafiyarka, ta kawo wata mafita ta tsafi wadda ba wanda zai mutu. Ban karɓa ba, kuma na ga jana'izar jarumina.

Mai son bugawa ya nemi Ultimate Edition, wanda ya haɗa da Awakening da sauran ƙarin labarai, yana nan a shagunan wasanni na intanet, Steam da GOG. A sababbin kwamfutoci yakan rufe kansa ba zato, musamman a Denerim, don haka ka riƙa adana wasanka a kai a kai, ka kuma sa gyaran nan da ke ba shi damar amfani da ƙwaƙwalwa mai girman 4GB.