Kafin a tura maka fim ɗin fashin banki, duba da wa za ka kalla

Jiya wani abokina ya tambaye ni wane fim zai sa a tura mishi a shagon masu tura fina-finai nan Mabera, wai shi yana son irin wanda ake fashin banki a kama iyalin mutum a tilasta mishi. Na ce guda uku na sani da kyau, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Wanda ya yi daidai da abin da yake nema shi ne Firewall na 2006. Harrison Ford ne mai kula da tsaron kwamfutocin wani banki a Amurka, ɓarayi sunka shigo gidanshi sunka riƙe matarshi da 'ya'yanshi biyu, sunka ce sai ya kwaso musu dala miliyan 100, wato dala dubu goma goma daga asusun manyan masu kuɗi dubu goma. Ba a fasa ƙofar banki ba, da iPod ɗin ɗiyarshi ma ya kwashi lambobin. Labarin a miƙe yake, ko turancinka bai yi nisa ba za ka gane, kuma bai kai awa biyu ba. Amma akwai wurin da shugaban ɓarayin ya ba ƙaramin yaron biskit mai gyaɗa alhali ya san gyaɗa na iya kashe shi, yaro na neman numfashi shi ko ya riƙe allurar da za ta cece shi ya hana. Wallahi a wurin nan ne Gwaggo, wadda ta zo mana daga wajen Sabon Birni, ta tashi ta ja mayafinta ta fita tsakar gida ba ta ce uffan ba. An taɓa ɗauke ɗanta, sai da anka sai da shanu kafin ya dawo. Ni ne na kunna fim ɗin ban yi tunani ba, har yau abin na damuna.

Shi ya sa nake cewa mu nan Sakkwato wanga irin fim ba labarin nesa ba ne. Mutanen Isa da Rabah da Goronyo sun san mi ake nufi da a kira waya a ce kawo kuɗi. Can ma Turai ya faru da gaske, a Disambar 2004 anka yi garkuwa da iyalan ma'aikata biyu na Northern Bank a Belfast, anka kwashe fam miliyan 26.5.

Hostage na 2005 kam na Bruce Willis ne, ɗan sanda da anka kama matarshi da ɗiyarshi don ya ciro wani faifai daga gidan da wasu samari sunka mamaye. Babu banki a ciki, jini da wuta sun yi yawa, ban ba da shawarar a kalle shi da yara ba ko kusa.

In ni ne zan zaɓa, Inside Man nake ɗauka, shi ma na 2006, Spike Lee ya shirya, Denzel Washington ɗan sanda, Clive Owen ɓarawo. Da waƙar Chaiyya Chaiyya ta Dil Se ake buɗe shi, ranar farko na ɗauka mai shagon fim ɗin Indiya ya tura min bisa kuskure. Nan ɓarayin ba gidan kowa sunka je ba, mutanen cikin banki sunka tsare, sannan sunka sa kowa ya sa kaya iri ɗaya da nasu har fuska a rufe, to ka ga 'yan sanda ba su iya bambance ɓarawo da wanda anka kama. Wasan ƙwaƙwalwa ne, ya ɗan haura awa biyu kuma magana ta fi harbi yawa, ga ashariya nan da can, don haka in akwai mai fassarar Hausa gara ka karɓe shi, sai dai ka sani wasu masu fassara na cusa barkwanci inda bai dace ba har su ɓata tashin hankalin wurin.

Batun tura kuma, in a waya za ka kalla 480p ya isa, ba ya cin memori, in talabijin ce ka nemi 720p wanda kan kai kusan giga ɗaya. Kada ka bar shagon sai ka ja fim ɗin tsakiya da ƙarshe ka ji ko sauti na tafiya tare da baki, an sha tura min wanda ya yanke saura minti goma. Abokina dai Inside Man na ce ya karɓa tunda a falo za su kalla har da mahaifiyarshi, Firewall ɗin ya bar shi a waya ya sa iyafis in ya shiga ɗaki.