Yawon ganin tarihi zuwa Baro: mai jagora ya ci kuɗinsa, motar kam sai a hankali

Masu tambaya ta a inbos ko tafiyar nan ta ganin tsohon layin dogo na Baro da wasu samari ke shiryawa daga Minna ta cancanci kuɗinta, to eh ta cancanta, amma ba don motarsu ba.

Bas ɗin ta tsufa, esi ba ya aiki, ga hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro duk wanda ya taɓa binta ya san me nake nufi, mun isa kamar an tono mu daga rami. Abincin da suka ce yana cikin kuɗin ma shinkafa ce ta yi sanyi a takeawe, gara ka sayi soyayyen kifi a bakin kogi abinka.

Amma dattijon da suka ɗauko ya yi mana bayani, wallahi shi ne tafiyar. Ni na zata irin yabon Turawan nan za mu sha, wai sun kawo jirgin ƙasa sun kawo ci gaba, sai mutumin ya tsayar da mu kan wani tsohon ƙarfen dogo da ciyawa ta kusa cinyewa ya ce ku sani aikin nan da rigima aka yi shi daga sama har ƙasa. Gwamnan Legas Egerton yana son layinsa ne ya miƙe har Kano, shi kuma Girouard da ya karɓi Arewa a 1907, wanda dama injiniyan reluwe ne ya yi aikin dogo a Sudan, ya dage daga Baro za a fara a riƙa kawo kaya ta kogin Kwara, kuma ma'aikatar ayyuka ta Arewa ƙarƙashin Eaglesome ce za ta gina da arha. Ƙarshe dai duka biyun aka yi suka haɗu a Minna, layin Baron ya isa Kano a 1911, daga baya Baro ta zama 'yar kallo.

Inda ya fi daɗewa shi ne maganar leburori, kuma nan ne jikin kowa ya yi sanyi. Injiniyoyi suna matsa wa razdan lamba a kawo mutane, razdan ya matsa wa sarki, sarki ya matsa wa hakimi, hakimi ya aika dogarai ƙauye a kwaso talakawa ko da kuwa damina ce mutum yana tsakar noma. Wanda ke ba da umarni daban, wanda ke biyan kuɗi daban, helima kuma yana tsakiya yana cin nasa. Ya kawo labarin Gussoro a 1909 inda mutanen Gbagyi suka kashe wani jami'in Bature. Wani saurayi a cikinmu ya ce Baba ai wannan kamar wajen aikinmu ne, oga uku kowa da nasa umarnin, aka yi ta dariya, dattijon bai yi ba.

Matsala ɗaya, ba su ba shi lasifika ba, in kana baya rabin maganar iska ce ke kwashewa, sannan direba sai hon yake wai dare zai yi, har ba mu samu hawa tudun Baro yadda ya kamata ba.

In za ka je ka riƙe ruwanka da hula, ka zauna gaba, kuma ka tambaye su tukuna ko dattijon nan ne zai raka ku kafin ka tura musu kuɗi.