Kwana Biyar a Cibiyar Koyon Haƙar Mai a Legas: Abin da Kuɗina Ya Saya

Na shafe kwana biyar ina zuwa wata cibiyar horas da ma'aikatan haƙar mai da ke yankin Lekki, ina barin Agege da an sallame sallar asuba don gudun cunkoso, kuma tun da 'yan'uwa da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga abin da na gani.

Ɗakin na'urar kwaikwayon haƙar rijiyar mai shi ne ƙashin bayan wannan kwas. An zaunar da ni a kujerar mai haƙa, ga allunan kwamfuta suna nuna nauyin lakar da ake turawa cikin rijiya da ƙarfin matsin da ke ƙasa. A rana ta uku ina cikin haƙa sai lakar da ke dawowa cikin tanki ta fara ƙaruwa kaɗan kaɗan, ni kuwa na tsaya ina kallo. Injiniyan da ke koyar da mu, wani dattijo ɗan Borno da ya daɗe yana aiki a teku, ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, "Malam, gas ya shigo maka, rufe rijiyarka." Nan na fahimci abin da littafi ya kasa fahimtar da ni: nauyin lakar nan, wadda ake ƙara mata ma'adinin barayit, shi ke danne gas da mai a cikin dutse. Idan ta yi sauƙi gas ya kutso, yana kumbura yayin da yake hawowa. Idan ta yi nauyi fiye da kima dutsen ya tsage ya shanye ta. A zurfin teku tazarar da ke tsakanin waɗannan haɗurra biyu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ake jera bututun ƙarfe hawa-hawa ana ɗaure su da siminti.

Ya kafa mana hujja da gobarar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ta watan Afrilun 2010 a Tekun Meksiko, inda mutum 11 suka rasu bayan na'urar toshe bakin rijiya ta kasa rufewa. Misalan gida ma sun yi armashi: filin Bonga, mai nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, wanda ya fara fitar da mai a 2005 a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, sai Agbami a 2008, sai Egina a ƙarshen 2018, wanda aka kammala harhaɗa jirgin ruwan da ke tara mansa a nan Legas. A irin wannan zurfi ɗan Adam ba ya nutso, sai na'urori masu sarrafuwa daga nesa, ga kuma sanyin ƙasan teku da ke sa gas da ruwa su daskare su toshe bututu.

Sauran abubuwan ba su kai haka ba. Takardun darasi tsofaffin kwafi ne da wasu zanensu suka dushe, kuma mu goma sha huɗu muke layi a kan kujera ɗaya. Ba a ce uffan ba game da haƙa a tudu, alhali wani abokin karatuna daga Bauchi ya zo ne saboda aikin haƙar mai na Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, da aka ƙaddamar a 2022.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardar shaida. Mai karɓar kuɗi ta ba ni fahimtar cewa da takardar za a iya neman aiki a teku, sai ranar ƙarshe na tarar shaidar halarta ce kawai, ba ta IWCF (ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai ba da shaidar ƙwarewa kan shawo kan matsin rijiyar mai) da kamfanoni ke tambaya ba, wadda ke da nata jarrabawa da nata kuɗi. Duk wanda zai je, ya nemi a nuna masa samfurin takardar kafin ya biya, ya kuma tambayi awa nawa zai samu shi kaɗai a kan kujerar mai haƙa. Ni awa biyu na samu.