Gargaɗi ga 'yan uwa a Ɗa'ifa da Makka: mai tallar wuƙar aljihu ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne da hannun hagu a naɗe da bandeji, ɗinki huɗu a ɗan yatsana manuni, don haka a yi mini uzuri in na taƙaita wani wurin.

Shekarata tara ina aikin lambu a wata gona da ke hanyar Shafa, kusa da Ɗa'ifa, inda ake noman fure da rumman da inabi. Ranar Juma'a kuma, in an sauko daga masallaci, ni da abokai mukan hau duwatsun wajen mu sha iska, mu dafa shayi. Duk wanda ke irin wannan rayuwa ya san amfanin 'yar wuƙa mai naɗewa, siririya, wadda za ka jefa a aljihun jallabiya ka manta da ita: ka datse reshe, ka yi wa itace aure, ka yanke igiya, ka feɗe rumman a kan dutse. Tawa ta tsufa, ƙotar ta tsage, sai na fara cigiyar wata.

A wani zauren WhatsApp na 'yan gida na ga tallar. Mutumin da Hausa yake magana, Hausa mai kyau, yana ta "Alhajina" da "ranka ya daɗe". Ya ce yana da wuƙar Opinel lamba 8 ta asali, kai tsaye daga Faransa, amma sai an haɗa mutum goma zai sa a kawo, kowa ya ba da riyal 40 kafin alƙalami, a cika 30 in kaya sun iso. Ni da kaina na tara masa mutane bakwai cikin abokan aikina, har da wani dattijo da muke kira Kawu, wanda sai da ya ce mini, "Ɗana, ka taɓa ganin mutumin nan da idonka?" Na ce masa, "Kawu, ai namu ne." Wannan amsar ita ta fi yankan ciwo yanzu.

Tun a nan ya kamata in farga, domin sunan da ke kan asusun bankin da ya turo ba shi ne sunan da yake amsawa ba. Na tambaya, ya ce na kafilinsa ne, wato ubangidan da yake zama a ƙasar da sunansa. A ƙasar nan wannan ba baƙon zance ba ne, shi ya sa na wuce.

Bayan mako uku wani direba ya kawo ƙunshi, ya karɓi cikon kuɗi ya tafi. Wuƙa biyar ce a ciki maimakon takwas. Na kira, ya ce sauran suna hanya.

Bari in tsaya a kan wuƙar kanta, don nan ne wanda bai sani ba zai faɗa. Opinel ta gaskiya tun 1890 ake yin ta a yankin Savoie na Faransa. Lamba 8 tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, ƙotarta ta katako ce, kuma a jikin ƙarfen akwai tambarin hannu da kambi a samansa. Abin da ya sa masu lambu ke son ta shi ne wani zoben ƙarfe a wuyan ƙotar, wanda aka ƙara mata a 1955: in ka buɗe wuƙar ka murɗa zoben, ya kulle ta, ba ta rufewa sai ka mayar da shi. Ta jabun da aka kawo mana tana da duka waɗannan a ido. Tambarin yana nan, sai dai kamar an shafa shi da tawada, in ka kankara da farce yana tashi. Zoben kuwa siriri ne kamar an yanko shi daga gwangwanin madara, yana juyawa sakwa-sakwa, ba ya cizon komai. An rubuta INOX a jikin ƙarfen, wato wanda ba ya tsatsa, amma kwana biyar da na yanka lemon tsami da ita na ga jan tabo ya fito. Ko da a ce irin ta baƙin ƙarfe ce, wadda dama takan yi duhu in ta taɓa tsami, ai sai a rubuta haka, kuma waccan tana ɗaukar wasa ta riƙe kaifi. Wannan ka wasa ta da safe, kafin azahar ta dakushe.

Ranar da abin ya faru ina datse busassun rassan fure ne. Na murɗa zoben kamar kullum, na danna a kan wani reshe mai tauri, bakin ya maƙale, da na ja baya sai zoben ya zame, ruwan wuƙar ya rufo a kan yatsana. Jini har kan takalmi. Mai gona ne ya kai ni asibiti a motarsa. Da a saman dutse ne, inda sai ka yi tafiyar awa guda kafin ka iso titi, ban san yadda za ta ƙare ba.

Da daddare na tura wa mutumin hoton hannuna. Ya karanta, bai amsa ba. Washegari lambar a kashe, an kuma ce ya fita daga zauren. Mutum uku har yau ba su ga wuƙa ba, ba su ga kuɗinsu ba, ni na biya su daga albashina saboda ni na jawo su.

Wani zai ce a kai ƙara mana. Akwai hanya: Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar koke a lamba 1900, akwai kuma manhajar Kollona Amn ta kai rahoton damfarar intanet, kuma na shigar da nawa. Amma shi ya san da wa yake yi. Ya san cikinmu akwai waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, waɗanda ba za su je gaban hukuma a kan riyal 70 ba. Su yake nema.

Wanda ke son wuƙar aljihu, ya je shagon kayan zango ko na kayan noma, ya riƙe ta a hannu kafin ya biya. Ya buɗe, ya kulle, ya danna bayan ƙarfen a kan katako da yatsunsa a gefe, ya ga ko za ta rufe. Ya girgiza ta ya ji ko ruwan yana motsi a cikin ƙota. Ya karɓi rasit. Kuma kar a bar ta a jakar hannu in za a hau jirgi, za a karɓe a filin jirgi.

Jiya wani ɗan uwa daga Makka ya turo mini wata sabuwar talla daga wani zauren. Lamba daban, suna daban, amma muryar iri ɗaya ce, hoton ma shi ne: wuƙa a kan jan kyalle, kusa da kofin shayi. Yanzu ya ƙara da almakashin datse itace, kuma kafin alƙalamin ya koma riyal 50. Wuƙar tana nan wurina, ban jefar ba. Duk wanda ke kusa da Shafa yake son ya ga yadda zoben ke zamewa, ya same ni bayan la'asar.